Takardar Haihuwar Siham

Katania, 3 ga Maris

Halti Mbarka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwoyin, yaya sanyin dutse? Kunnen kam ba sai na tambaya ba, da ya gyaru da ba ki bar ni ina sayen kan sarki kamar 'yar zamanin Faransawa ba. Duk kulob ɗinmu ni kaɗai ke zuwa gidan waya, har ma'aikaciyar ta ɗauka saurayi gare ni a kurkuku. Na ce mata a'a, tsohuwar ungozoma ce, 'yar ƙanwar kakata, wadda in an kira ta a waya sai ta yi ta "Wa? Wa?" har mutum ya haƙura.

Ni lafiyata ƙalau. Man zaitun da harisar da kika aiko, dakakken barkonon nan namu, sun iso. Mai tsaron ragarmu ta lakaci harisar da burodi, ta yi hawaye kamar an zura mata biyar.

To ga abin da ke cina. Ranar Litinin shugaban kulob ya kira ni ofis, ya sa aka kawo min kofi, tun daga nan na san ba alheri. Ya ce, "Siham, ƙwallo goma sha huɗu a kaka ɗaya, ba mu da kamarki." Na ce to madalla, ina alƙalamin? Sai ya hau sosa gemu. Wai shekara talatin da biyu ba wasa ba ce ga 'yar gaba, wai ba za su sabunta kwantiragina ba. Na ce masa, "Ranar Lahadi da na bar masu tsaron baya biyu a ƙasa, takardar haihuwata suka tambaya?" Ya yi dariya, amma bai sauya magana ba.

Ko kwana biyu ba a yi ba sai ga wayar Si Munsif, kocinmu na ƙasa. Ina cikin jerin wasan share fage na Afrilu, amma ya ce in sani wannan zagayen ne na ƙarshe, bayan gasar Satumba yara zai ɗauka. Shekara goma sha uku ina sa riga mai lamba tara, Halti. Ƙwallo talatin da takwas na ci wa ƙasar nan. Daga bakin tekun Susa ba takalmi, zuwa kulob ɗin Susa, zuwa Tunis, zuwa nan, ba wanda ya ɗauke ni a kafaɗa. Yanzu kowa lissafin shekaruna yake, alhali ni a jikina ban ji komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Akwai wani kulob a Turkiyya da ya yi magana, ko da yake su ma sun yatsine fuska da suka ji shekarun. Suna son sabuwar takardar haihuwa, fasfona ma ya kusa ƙarewa. Don Allah ranar kasuwa in kin shiga gari ki karɓo min ɗaya ki aiko. Tun rasuwar Ummi ba ni da wanda zan aika a can sai ke.

Ki gaida Dalanda maƙwabciyarki da awakinta.

'Yarki,
Siham

Ain Rumman, 19 ga Maris

'Yata Siham,

Aminci ya tabbata gare ki. Ina lafiya, gwiwoyi suna nan suna gulmata, na ƙi kula su. An yi ruwa sau biyu, alkama ta yi kyau. Akuyar Dalanda ta haifi biyu, ni na karɓa, tunda matan yanzu asibiti suke tafiya sai awaki suka rage min.

Ga takardarki nan a ciki. Na yi layi tun safe, yarinyar da ke tagar ta ce, "Siham mai ƙwallo?" Na ce ita fa, kuma ni na yanke mata cibiya. Nan take ta ba ni kujera.

Shi wannan Baturen mai kofi, Allah ya shirye shi. Shi kuma Munsif, na san kakarsa, su ba a san su da haƙuri ba. Amma ke me ya sa kike biye musu kina cewa talatin da biyu, har kina ɓata ranki? Talatin da biyu ta takarda ce. Ke ashirin da tara gare ki, tun watan Nuwamba. Da hannuwan nan na jawo ki, shekarar da kogi ya cinye gada, ina ɗaura miki zani ana jin rurin ruwa a bayan gida. Shi ya sa jikinki bai ji komai ba, jiki ba ya karanta takarda. Ai mahaifiyarki Hadiya, Allah ya jiƙanta, ta ba ki zancen, ba sai na tayar da shi a wasiƙa ba.

Ki ci abinci sosai. A hoton da na gani a jarida wuyanki duk ya fito. Ki daina sa kai a ƙwallon nan in mai tsaron raga ta fito da gwiwa, Dalanda ta ce ta gani a talabijin har sai da ta rufe ido.

Allah ya ba ku nasara a Afrilu.

Haltinki,
Mbarka

Tunis, 14 ga Afrilu

Halti Mbarka,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya ke da jariran akuya. Ni muryata ta dishe, cinyata ta kumbura, kuma ban taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Mun wuce, Halti! Biyu da ɗaya, kuma duka biyun nawa ne. Ta farko da ƙafar hagu, ta biyun saura minti biyu a tashi, da ka, kuma mai tsaron ragar ta fito da gwiwa, ki ba Dalanda haƙuri. Arba'in ke nan cif. Si Munsif da ke cewa zagayen ƙarshe, shi ne ya fara rugowa cikin fili, hularsa ta faɗi bai ma sani ba.

Wasiƙarki ta ba ni dariya har na karanta wa 'yan ɗakinmu. Ashirin da tara! Allah ya bar mana ke. Kin rage min shekara uku kyauta, ba ko sisin dinari. Amma lissafin ya ɗan zame miki, don takardar da kika aiko da hannunki ta ce Fabrairu, kusan shekara uku kafin ruwan. Kin karɓi haihuwar rabin ƙasar nan, dole wata ta shiga cikin wata. Zancen da kika ce Ummi ta ba ni kuwa, in na gada ne, ta sha ba ni: yadda kuka yi wata biyu ba gishiri ba sukari, ana dafa kuskus da ruwan sama. Ta ce ina ƙarama lokacin, daga nan sai ta tashi ta kama wani aiki.

Na ma sa ki a rediyo. Bayan wasa mai shirin ya ce, "Siham, a shekara talatin da biyu, ina kike samo wannan tsallen?" Na ce, "Wa ya ce maka talatin da biyu? Ungozomata Halti Mbarka ta Ain Rumman ta ce ashirin da tara, kuma ita ta jawo ni, ba ku ba. In ba ku yarda ba ku je ku tambaye ta, amma ku ɗaga murya." Duk ɗakin aka kwashe da dariya. Yanzu kin yi suna, ki shirya sa hannu a rigunan yara.

Mutanen Turkiyya sun kira tun kafin in cire takalmi. Gobe zan koma Katania.

'Yarki mai ashirin da tara,
Siham

Ain Rumman, 19 ga Afrilu

'Yata Siham,

Aminci ya tabbata gare ki. Lafiyarmu ƙalau, ƙauyen nan ma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. An kalli wasanki a shagon shayin Ammi Tahar, mata muka tsaya daga taga. Da kika ci ta biyun guɗar da Dalanda ta yi, har ni na ji ta. Ita ce kuma ta zo ta kwarara min a kunne cewa kin ambace ni a rediyo. Na ce alhamdu lillahi, yarinyar nan ta gaji da ɗaukar shekarun da ba nata ba, ta fito ta faɗa.

Jiya sai ga ɗan jarida daga Tunis, wani mai tumbi da kyamara a wuya. Ya fara da shagon shayi. Ammi Tahar ya ce masa, "Wannan ne ya kawo ka tun daga Tunis? Ai rabin tsofaffin ƙauyen nan da takardar yayyensu suke yawo. Ni kaina a takarda Salah ne, Salah kuwa ko yaye bai kai ba." Aka yi ta dariya, aka rako shi gidana.

Na dafa masa shayi, na ba shi labarin tiryan-tiryan, don kada a ce tsohuwa ce ke surutu. Na ce babanki Belgasem da Hadiya sun haifi 'yarsu ta fari a Fabrairu, suka sa mata Siham, aka yi mata rajista a gari. Tana gab da shekara uku ƙyanda ta shigo, ga kogi ya cinye gada, ba hanyar asibiti, ta rasu a hannuna. Hadiya na da tsohon ciki lokacin. Kwana arba'in bayan nan kika zo. Doka ta ce a kai sanarwa cikin kwana goma, mutuwa ko haihuwa, in ya wuce sai gaban alƙali da shaidu. Da aka gyara gada duk kwanakin sun wuce. Talaka mai garken tumaki ya je kotu sau biyu, ya ce me? Ga takarda a akwati ba mai ita, ga yarinya a zani ba takarda. Aka haɗa su, shi ke nan.

Ya ce, "Hajiya, akwai shaida?" Na ce tashi mu je. Na kai shi tsohuwar maƙabarta ta kan hayin nan da ke gefen kogi, wadda aka daina binnewa tun kafin ku koma Susa. Na share ƙasar da ke kan simintin, ga sunan nan da babanki ya rubuta da ƙusa. Ya ɗauki hoto ya fi goma. Na ce masa ya rubuta da manyan baƙi, Munsif da Baturen nan su gani. Yanzu bari in ga wanda zai ce kin tsufa.

21 ga Afrilu

Ban kai wannan gidan waya ba sai ga wasiƙarki ta sha huɗu ga wata. Na karanta ta sau uku a tsaye.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ki sani ba. Wasa kike yi a rediyon.

Siham, Hadiya ta rantse min a asibitin Susa, sati guda kafin ta cika, cewa za ta faɗa miki. Na ɗauka ta faɗa. Shekara huɗu ina ganin kin yi shiru ne don kunya irin ta gidanku. Wallahi da na san ba ki sani ba, da harshena ya bushe kafin in buɗe baki gaban mutumin nan. Na sa Dalanda ta kira lambar da ya bari, aka ce ya riga ya miƙa labarin.

Ban yaga abin da na rubuta a sama ba, don ki ga da wace zuciya na yi. Ki yafe min, 'yata. Ban san ko wannan za ta riga jaridar isowa ba.

Mbarka

Katania, 30 ga Afrilu

Halti,

Ina gaishe ki domin an koya min gaisuwa. Kin tambayi lafiya ko ba ki tambaya ba, ba ni da ita.

Jaridar ta riga ki da kwana shida. Ina ɗakin sauya kaya ina ɗaure takalmi, sai kyaftin ɗinmu ta ƙasa ta turo min hoto a waya, ba ko kalma ɗaya. Shafin farko ne. A hagu ni ce a sama ina sa kai a ƙwallo. A dama siminti ne da sunana, da sunan babana, da hannunki a gefe yana nunawa, na gane zoben. A sama an rubuta: Wace ce ta ci ƙwallaye arba'in? Na zauna a ƙasa da takalmi ɗaya. Mai tsaron ragarmu tana ta cewa, "Wa ya mutu? Siham, wa ya mutu?" Na miƙa mata wayar.

Ƙasar da muka cire ta kai ƙorafi, wai mun sa 'yar wasa mai takardun wata. An dakatar da ni har sai kwamiti ya zauna ranar sha biyu ga Yuni. Kulob ya ce in zauna a gida. Mutanen Turkiyya sun daina ɗaukar waya. Si Munsif ya kira yana ihu, "Shekara goma sha uku kina kallon idona!" Na ce wallahi a jarida na gani kamar yadda ka gani. Ya ce in faɗa wa wani wannan.

Ina da yaya. Shekara ashirin da tara, ko talatin da biyu, ko nawa ne ma, ba wanda ya ce min ina da yaya. Kin san me ke dawo min? Aji ɗaya a Susa. Malama ta duba takarda ta duba ni, ta ce, "Shekara tara, ko baƙi ba ki sani ba, ga ki kamar ɗan tsako." Yara suka sa min Kakar Aji. Na koma gida ina kuka, Ummi ta ce in yi haƙuri, a ƙauye ba a sa yara da wuri. Tana kallona ta faɗi haka. Don sunan nan na fara bin maza bakin teku, su ba ruwansu da shekarun mutum in yana cin ƙwallo.

Kuma ke, Halti. Shekara arba'in kina riƙe sirrin matan ƙasar nan, wace ta haihu wata bakwai da aure, wace ta yi ɓari ba a sani ba, ko Dalanda ba ta taɓa ji daga bakinki ba. Sai nawa kika shimfiɗa wa baƙo da shayi. Har da share masa ƙasa.

Na san ni na fara kiran sunanki a rediyo. Na sani. Wannan ma bai bar ni na ci abinci ba.

Kada ki aiko komai.

Siham

Ain Rumman, 25 ga Mayu

'Yata Siham,

Aminci ya tabbata gare ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Wannan ce ta uku tun wasiƙarki. An fara girbin sha'ir. Ni ina nan, ban fita ko kasuwa ba. Duk abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne, ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Shekaranjiya lauyanki Si Nuruddin ya zo da mota. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi, ya rubuta min maganarsa a takarda don kada ya yi ta ihu. Ya ce Belgasem ya rasu, Hadiya ta rasu, ba wani rubutu a ko'ina da ya ce an haifi yarinya ta biyu. Shaidar duniyar nan kaf ni ce da simintin. In na sa hannu cewa shekaru sun rikita min kai, na haɗa haihuwar wata da ta wata, likita ya buga hatimi, to magana ta mutu. Za ki buga gasar Satumba, Turkiyya ma za su dawo.

Na ce to simintin fa? Ya rubuta: "Za a ce kabarin wani yaro ne da ba a san shi ba, ke kika sa aka yi rubutun bayan kanki ya taɓu. In ma an kankare kafin kwamiti ya aiko mutum, ya fi."

Ƙauye duk sun yarda. Ammi Tahar da ya fi kowa baki ranar nan, yanzu cewa yake, "Ni? Ɗan jarida? Ban taɓa ganin mai tumbi a shagona ba." Ya ce zai dafa Alƙur'ani, na ce ya rufa wa kansa asiri, sa hannuna ya isa. Har guduma ya kawo min ya ajiye a bakin ƙofa.

Zan sa hannu, 'yata. Mata ɗari bakwai da wani abu na karɓa, ban taɓa rikita ɗan wata da na wata ba, amma in an ce mahaukaciya ce ni a shekara saba'in da huɗu, me ya rage min da za a ɓata? Ke kina da ƙafafu. Gudumar ce kawai na kasa ɗauka. Na je har can da ita jiya na dawo. Yarinya ce mai son zama a dokin ƙofa, kowa ya wuce sai ta ce masa "zo". Ba ta da komai a duniyar nan, takardarta ma ke aka ba, sai wannan rubutun.

Amma in kin ce a kankare, za a kankare. Na ce wa lauya ya bar takardar a wurina sai na ji daga bakinki, tunda sau ɗaya na yi gaban kaina kin ga inda ya kai mu. Ki aiko da kalma ɗaya ta wayar Dalanda kafin sha biyu ga wata.

Haltinki,
Mbarka

Tunis, 16 ga Yuni

Halti Mbarka,

Ina gaisuwa, gaisuwa ta gaske wannan karon. Yaya jikin? Dalanda ta ce kin rame, ki ci abinci don Allah. Ta isar miki da saƙona cewa kada ki sa hannu, ga dalilin.

Na zo Ain Rumman ranar tara ga wata. Ban shigo gidanki ba, ki yafe min, ban shirya ganin fuskarki ba. Na sauka daga motar haya a bakin gada da azahar na haura hayin. Da niyyar kankarewa na zo, har da ƙaramin ƙarfe a jakata. Na ce ni na ga filaye masu mutum dubu talatin suna zagina ban girgiza ba, siminti ne zai gagare ni?

Ban san ƙarami ba ne haka. Na auna da ƙafata, tafin ƙafa huɗu da ɗan kaɗan. Rubutun babana ne, yadda yake karkatar da baƙi kamar zai faɗi. Kulob uku, filaye ba adadi, duk inda aka kira sunan nan a lasifika na ɗaga hannu, ita kuwa tana nan ko mutuwarta ba a rubuta ba. Na zauna har la'asar, na mayar da ƙarfen jaka.

Ranar sha biyu na shiga gaban kwamiti, mutum biyar da ruwan kwalba. Si Nuruddin ya miƙe zai fara zancen tsufanki, na riƙe masa hannun riga. Na ce ungozomar nan hankalinta ya fi na duk wanda ke ɗakin nan, abin da ta faɗa haka yake. Ya ce a kunnena, "Kin kashe kanki." Shugaban ya cire tabarau ya ce, "Kin san abin da kike faɗa?" Na ce yau dai na sani.

Sun bar wa ƙasa nasararta, tunda ko da wace takarda ni 'yar ƙasar nan ce, kuma ba wanda ya taɓa cin riba don an ƙara masa shekaru. Wannan ya sauke min dutse daga ƙirji, don 'yan'uwana ba su yi komai ba. Ni kuwa shekara biyu ba wasa, kuma lissafin ba zai fara ba sai ranar da kotu ta ba ni takarda tawa. Lauya ya ce kotun kan ci shekara. Ki haɗa lissafin da kanki. Ƙwallo ta ƙare min, Halti. Na faɗa a nan don in ji yadda take a rubuce. An ba wata yarinya daga Safakus lamba tara, tana da gudu, ta kira ni tana kuka tana ba ni haƙuri, ni na koma lallashinta. An karɓe fasfona, ko kayana na Katania sai dai a aiko min.

Jiya na je kotu shigar da takardu biyu, ta mutuwa da ta haihuwa. Akawun bai ɗago ba. Ya ce, "Sunan mamaci?" Na ce Siham bint Belgasem. "Dangantaka?" Na ce ƙanwarta ce ni. Ya rubuta. Ya ce, "Sunan mai sanarwa?" Na buɗe baki na tsaya. Ya ɗago ya gane ni, ya ajiye biro, ya ce, "Lalla, ki je ki dawo, zan bar layin a buɗe."

Shi ya sa na rubuto. Kafin a haɗa ni da takardar, kwana bakwai ɗin farko, ai da wani suna aka kira ni. Ke kina wurin. Wane suna Ummi ta raɗa min?

'Yarki

Ain Rumman, 23 ga Yuni

'Yata,

Aminci ya tabbata gare ki. Na ci abinci, Dalanda ta tsaya a kaina. Na mayar wa Tahar gudumarsa, takardar lauya kuma na kunna murhu da ita. Da na karanta cewa kin zauna a hayin har la'asar, ga gidana ana hango shi daga can, na yi kukan da ban yi ba ranar da muka binne ta.

Kin tambaye ni, ba zan sake yi miki rufa-rufa ba ko da ta alheri ce. Babu suna. Ba a yanka rago ba, ba a taru ba, gidan yana cikin makoki. Hadiya kwana bakwai fuskarta na bango, tana ba ki nono ba ta kallon ki. Ni nake miki wanka, ina ce miki "yarinya". Babanki ya so ya sa miki sunan mahaifiyarsa, ya ce a bari sai gada ta gyaru a yi komai a ƙa'ida. Don haka layin da akawu ya bari naki ne, ki cika shi da abin da ranki yake so. Ki zo da shi nan kafin ki kai kotu. Ragon yana kaina, ƙauye duk za su zo, wanda bai zo ba ni da shi ne.

Saura abu ɗaya, wanda ban faɗa wa ɗan jarida ba, ban faɗa wa lauya ba. Kina ta jin haushin Belgasem da Hadiya a ranki, na gani a rubutunki. Ki sauke musu. Ranar da aka buɗe gada babanki ya sa burnus ɗinsa, alkyabbarsa ta fita, ya ɗaure tunkiya biyu zai sayar, zai je gaban alƙali ya yi duka biyun yadda doka ta ce. Ni na tare shi a bakin ƙofa. Ni na buɗe akwatin na ɗauko takardar na sa masa a hannu. Ya ce, "Mbarka, wannan ba daidai ba ne, wata rana za a tambaya."

Na yi masa dariya, 'yata. Na ce, "Belgasem, kwance tumakinka. 'Ya mace ce. Iyakarta ta yi aure a bayan dutsen can. Wa zai taɓa tambayar takardarta?"

Haltinki,
Mbarka